Rumbu, Sito da Ruwan Kainji: Shekarun da Mutanen Yauri Suka Tantance Kayansu

A gidajen ma'aikata da yawa a Birnin Kebbi, Sakkwato ko Abuja, akwai ɗaki guda da ba a buɗe wa baƙo. Wasu na kiransa sito, a wasu gidajen kuma gareji ne da mota ta daɗe da daina kwana a ciki. Can ake jibge janareton da ya mutu tun shekaru biyar, da tsofaffin tayoyi, da katifar da ta lotse, da kwalayen littattafan makaranta, da kulolin biki waɗanda ba a taɓa zuba abinci a cikinsu ba. Maigida ya san takardar filinsa tana wani lungu na ɗakin, sai dai bai san wane lungu ba. Kowace shekara akan ce za a gyara bayan salla, sallar ta zo ta wuce, ƙofar tana nan a garƙame.

Mutanen ƙasar Yauri sun taɓa fuskantar irin wannan aiki a lokacin da babu halin ɗagawa. Tsakanin 1964 da 1968, sa'ad da ake gina madatsar ruwa ta Kainji, an tayar da mutane kimanin 44,000 daga bakin kogi da tsibirai, wasu ƙididdigar ma sun kai adadin 50,000. An fi ba da tarihin wannan ƙaura ta fuskar wutar lantarki da diyya. Amma a cikin kowane gida abin da ya faru ya fi haka kusa da jiki: sai da aka fito da duk abin da iyali suka mallaka fili, aka dube shi ɗaya bayan ɗaya, aka yanke abin da zai shiga jirgi da abin da za a bar wa ruwa. Wanda ya bi wannan tarihi zai gane dalilin da ya sa gidan kakanni bai cika tara shirgi ba, da dalilin da ya sa na jikoki yake tarawa.

Ƙasar da ruwa ya ci

Masarautar Yauri tana bakin Kogin Kwara, wanda taswira ke kira Neja, a kudancin Jihar Kebbi ta yau, kuma ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga su ne ƙasarta. Tsohuwar fadar tana Birnin Yauri. Rikice-rikicen ƙarni na 19 suka kai sarauta tsibirin Ikum, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da ita a Yelwa a 1888. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi nazarin wannan zamani na rauni da sauye-sauyen mazauni tun yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello. Ke nan ƙaura ba baƙon abu ba ce ga ƙasar. Bambancin ta 1968 shi ne, wanda ya tashi ba zai iya komawa kufai ya ɗauko abin da ya manta ba.

Jama'ar ƙasar iri-iri ce. Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe, sun zauna a tsibirai da gaɓar kogi, suna noman hatsi da damina, da rani kuma su shuka albasa a ƙasar da kogi ya janye ya bari, suna ɗiban ruwa da hannu suna ban ruwa. Kambari manoman dawa ne a tudu. Akwai Shangawa da Lopawa, da Sarkawa masunta, da Hausawa 'yan kasuwa da masu sarauta, da Fulani makiyaya. Kogin da ya haɗa su yana cika sau biyu a shekara. Farin ruwa yakan zo daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ɗauke da laka daga ruwan saman da aka yi a kusa. Baƙin ruwa yakan iso da sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan ya taso daga duwatsun Gini ya yi watanni yana ratsa fadamun ƙasar Mali. Da wannan agogo ake shuka da kamun kifi, da shi kuma ake sanin inda za a kafa rumbu don kada ruwa ya cim masa.

An kafa hukumar da ke kula da madatsun Kogin Neja a 1962. A 1964 aka fara ginin gadan-gadan, a zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da rancen Bankin Duniya da wasu ƙasashe, kamfanin Impregilo na Italiya ne kuma ya riƙe kwangilar. A watan Agusta na 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka tare kogin. Janar Yakubu Gowon ya buɗe madatsar a Fabrairun 1969, injina takwas da aka girka a ƙarshe kuwa ƙarfinsu megawat 760 ne. Tafkin da ya taru ya haura kilomita 130 a tsawo, faɗin ƙasar da ya rufe kuma ya wuce murabba'in kilomita 1,200. Ya shanye tsibirin Foge, da tsohon garin Bussa na ƙasar Borgu, da wani sashe na tsohuwar Yelwa. Sarkin Yauri na lokacin shi ne Muhammadu Tukur, wanda ya yi sarauta daga 1955 zuwa 1981.

Tsarin rumbu

Kafin a fahimci abin da aka kwashe, sai an san yadda aka ajiye shi. Babbar ma'ajiyar gidan manomi ita ce rumbu, ko na kara da zana ko rufewa ta laka. Ba a ɗora shi a kan ƙasa kai tsaye. Akan jera duwatsu, a shimfiɗa itace, sannan a tayar da gini, domin iska ta riƙa wucewa ta ƙasa, danshi da gara da ɓera su sha wahalar hawa. A sama akan kifa jinka. Gero da dawa sukan shiga a damminsu ba tare da an sussuka ba, saboda hatsin da ke jikin zangarniya ya fi jure ƙwari. Wake kuwa akan gauraya shi da toka ko yashi a cikin tukunya a liƙe baki.

Abu na biyu shi ne kowace ma'ajiya da mai ita. A gidajen ƙasar Hausa da yawa akwai rumbun gandu a hannun maigida, wanda akan rufe bayan kaka a jira damina, lokacin da aikin gona ke buƙatar ƙoshi. Akwai na gayauna, wanda ɗa ko ƙane ya noma wa kansa. Mace tana da nata a ɗakinta: jeren ƙore da tasoshi, da adudu na tufafi, da ragaya a rataye don abin da ba a so kyanwa ko yaro ya taɓa. Masunci yana da wurin rataye taru da birgi, da inda yake jingine gura da filafili. Kayan da ba a san mai su ba kaɗan ne, don haka kayan da ba wanda zai iya yanke hukunci a kansu su ma kaɗan ne.

Abu na uku shi ne lissafi. Manomi Musulmi yakan fitar da zakkar hatsi tun a gona idan amfanin ya kai nisabi, ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar. A aikace wannan na nufin sai an ƙirga dammai kafin su shiga rumbu. Maigida ya san abin da ya zuba, ya kuma san watannin da zai kai shi.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, rumbu yana da ranar da ake kwashe shi. Kafin sabon amfani ya shigo akan fitar da ragowar na bara, a share, a yaɓe tsaga, a sabunta jinka, domin idan aka zuba sabo a kan tsoho ƙwarin tsohon ne za su ci sabon. Sauran kayan gida ma suna da hanyar fita. Ƙwaryar da ta tsage gyartai ya ɗinke ta, in ta fashe ta zama sakaina. Tabarma ta tsufa ta zama keso, riga ta zama tsumma, tukunya ta zama tsingaro. Abin da ya ƙare amfani ya tafi juji, da bazara kuma jujin ya hau jaki ya tafi gona a matsayin taki. Kusan duk abin da gida ya mallaka daga ƙasa da tsiro aka yi shi, kuma can yake komawa.

Wannan tsari bai taso daga son tsafta kawai ba. Ƙasar Hausa ta ga yunwar 1913 zuwa 1914, ta ga ta 1927 da ta farkon shekarun 1940. Harajin Turawa na kuɗi ya tilasta wa manoma da yawa sayar da hatsi da kaka lokacin da yake araha. A Nijar, bayan yunwar 1931, Faransawa sun matsa wa ƙauyuka su riƙa tara hatsi a rumbunan tsimi. Gidan da bai san abin da ke cikin rumbunsa ba yana iya wayar gari a watan Yuli ba shi da na tuwo.

Kashi uku

Da ranar tashi ta matso, kayan kowane gida suka rabu kashi uku. Na farko shi ne abin da ake iya ɗauka: hatsi, tufafi, tukwane, turmi da taɓarya, dutsen niƙa, fartanya, kayan su, awaki da kaji. Ko wannan ma yana da wahalarsa. Ƙaura da rani na nufin jigilar dammai daga rumbu cike. Ƙaura da damina na nufin barin shuka a gona. Randa babba tana iya shekara talatin a gindinta lafiya, ta fashe a tafiyar yini guda.

Kashi na biyu shi ne abin da ba ya ɗaukuwa amma ana iya sake yin irinsa. Rufewar laka tana nan, haka murhu, da bandar kifi, da rijiya, da dangar dabbobi. Waɗannan ba kuɗi suka fi ci ba, lokaci da hannuwa suke ci, kuma suna buƙatar ƙasa mai kyau ta gini da busasshen yanayi. Iyalin da suka isa sabon mazauni da hatsi a hannu, sai sun tanadi inda za su zuba shi kafin ruwan sama ya sauka.

Kashi na uku shi ne abin da ba ya ɗaukuwa kuma ba a sake yinsa a shekara ɗaya ko goma. Kaburburan iyaye suna ciki, da wuraren bauta na masu addinin gargajiya. Itatuwa ma suna ciki: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka da giginya, waɗanda kowannensu ma'ajiyar abinci ce a tsaye, mai ba da kalwa ko man kaɗe ko miya kowace shekara. Ga Gungawa babbar hasara ita ce ƙasar gaɓa da kogi ke sabuntawa da laka, wadda albasarsu ta dogara da ita. Masana irin su Wolf Roder da F. P. A. Oyedipe sun bi diddigin yadda mutanen suka sake gina rayuwa, Farfesa Akin Mabogunje kuma ya jagoranci tattara nazarce-nazarcen zaman jama'ar yankin a farkon shekarun 1970. Daga baya manoma sun koyi bin bakin tafkin, wanda ke janyewa mita da dama kowace shekara, suna shuka a inda ya bari. Abin da aka bari a ƙarƙashin ruwa kuwa bai gushe gaba ɗaya ba. Har yau kututturan itatuwan da tafki ya rufe suna yaga taru, suna kuma cikin haɗurran da matuƙan jirage ke tsoro.

Kainji ba ita kaɗai ba ce a wancan zamani. Madatsar Kariba ta tayar da 'yan ƙabilar Tonga kimanin 57,000 a ƙarshen shekarun 1950. Ta Akosombo a Gana ta tayar da kimanin 80,000 zuwa sababbin garuruwa 52. Babbar madatsar Aswan ta kori Nubiyawa sama da 100,000 a Masar da Sudan, inda aka kwashi mutanen Wadi Halfa a jirgin ƙasa zuwa Khashm al-Girba. A ko'ina jami'i yana ƙirga abin da ke shiga takarda, kamar ɗaki da eka, alhali rayuwar gida ta rataya a kan abubuwa da yawa da ba su da gurbi a takardar.

Gidajen siminti

Da farko shirin gwamnati shi ne a biya diyyar kuɗi mutane su gina wa kansu. Daga baya aka sauya, hukuma ta ɗauki nauyin ginin. An tattara ƙauyuka da garuruwa 239 zuwa sababbin mazaunai 141, ciki har da Sabuwar Bussa. Mai zanen gine-gine Robin Atkinson ne ya tsara gidajen. Ya yi ƙoƙarin bin fasalin gidajen gargajiya na ƙabilun yankin, da ɗakuna kewaye da tsakar gida, amma da bulon siminti da rufin asbesto mai lanƙwasa, aka kuma yi nufin kowa ya sami ɗaki a madadin ɗakinsa.

A ido gidajen sun fi na da ƙarko. A zaune kuwa ƙorafi ya yi yawa: zafi da bazara, sanyi da hunturu, ga rufin da ba ya son wutar da aka saba hurawa a ɗaki. Wutar ɗaki tana da aikin da ya wuce ɗumama jiki. Hayaƙinta ne ke busar da iri da barkono da kifin da aka rataye a sama, yana kore ƙwari daga jinka. Bangon laka yana karɓar turke da maratayi a duk inda aka so, kuma in iyali sun ƙaru a ƙara ɗaki da ƙasar bayan gida. Bulo ba ya ba da wannan dama sai da mai gini da kuɗi. Saboda haka mutane da yawa suka tayar da ɗakunan laka da rumbuna a gefen gidajen hukuma, wasu Kambari kuma suka bar gidajen suka koma kusa da gonakinsu. Mai zanen ya mayar da ɗakunan kwana daidai lissafi, sauran tsarin ajiya kuwa mazauna ne suka sake gina shi da hannunsu.

Littafin da aka adana a Bussa

Akwai wani tsohon labarin ajiya da ya shafi wannan yanki. A farkon 1806 Mungo Park, ɗan yawon binciken nan na Birtaniya, ya wuce Yauri a jirginsa ya halaka a gaɓar Bussa. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo neman takardunsa, suka yi makonni a Yauri suna jira ba su samu ba. A Bussa ne aka fito musu da wani littafi naɗe cikin ƙyalle, wanda mai shi ya adana shekaru ashirin da huɗu da matuƙar girmamawa. Da suka buɗe sai suka tarar jadawalin lissafi ne na matuƙan jiragen ruwa, da 'yan takardu marasa muhimmanci a tsakanin shafuka. Littafin tafiyar Park na ƙarshe, wanda ake nema, ba a taɓa ganinsa ba.

Mai ajiyar bai yi sakaci ba, ya tsare abin daga gara da ruwa fiye da yadda ofisoshi da yawa ke tsare fayil a yau. Abin da ya rasa shi ne sanin abin da ke hannunsa. Sito na zamani yana cike da irin wannan littafi: kaya ne da aka tsare shekara da shekaru ba tare da an buɗe an tantance ba, yayin da takardar da za ta raba gardamar fili ko ta fansho tana ƙasan kwali tana shan danshi.

Daga rumbu zuwa sito

Abubuwa uku sun sauya tun 1968. Kayan gida sun daina ruɓewa: roba, leda, ƙarfe da na'urorin lantarki ba su zama taki, don haka tsohuwar hanyar juji zuwa gona ta toshe. Albashi ya maye gurbin kaka a gidan ma'aikaci, babu wata rana a shekara da ke tilasta a kwashe ma'ajiya. Sannan mallaka ta cakuɗe. Kayan marigayi da ba a raba ba, da ajiyar ɗan'uwan da ya tafi karatu, da kayan auren da aka daina amfani da su, duk suna ɗaki ɗaya, kowa yana jin nauyin taɓa na wani. Ƙasashe masu arziki sun riga shiga wannan hali, har a Amurka hayar ɗakunan ajiye tarkace ta zama babbar sana'a, a Jafan kuma littafin Marie Kondo na 2011 kan rage kayan gida ya bazu duniya.

A bakin tafki lamarin ya wuce na kyan gani. Ambaliyar 2012 da ta 2020 sun yi wa Jihar Kebbi ɓarna mai yawa a gonaki da gidaje, kuma buhun da aka ajiye a kan daɓe shi ne ruwa ke fara samu. Albasar Yauri, wadda ake tarawa a rudu don jiran farashi, tana ruɓewa idan iska ba ta ratsa ta. Jarkar fetur kusa da janareto a rufaffen ɗaki gobara ce ke jiran rana. Maganin ƙwari da ake zubawa a wake ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Maganin da ya fi dacewa ya bi tsohuwar dabarar tukunyar da aka liƙe: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, yana hana iska shiga har ƙwari su mutu ba tare da guba ba.

Ƙa'idojin rumbu suna aiki a ɗakin siminti kamar yadda suka yi a tsibirin Foge. A ɗaga kaya daga ƙasa a kan katako ko kanta, a bar tazara tsakaninsu da bango. A raba abinci da fetur da magani. A san mai kowane kaya, a mayar wa mai ajiya ajiyarsa, a raba gado tun masu shaida suna raye. A rubuta abin da ke cikin kowane kwali a jikinsa. Abin da ya mutu a kai wa mai gyara, in bai gyaru ba 'yan gwangwan suna saye, abin da ke da sauran amfani kuma akwai maƙwabcin da ke buƙatarsa. Takardun fili, na haihuwa da na makaranta, waɗanda su ne kashi na uku a gidan yau, a haɗa su wuri ɗaya cikin abin da ruwa ba ya shiga, a kuma ɗauki hotonsu.

Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana, amma wanda ya faɗi haka yana magana ne a kan rumbun da ake buɗewa kowace shekara a san abin da ya rage. Mutanen Yauri na 1968 hukuma ce ta sa musu rana, ruwa kuma ya tabbatar da ita. Mai sito a yau shi zai sa wa kansa tasa, kuma wadda ta fi dacewa ita ce wadda manoma suka daɗe da zaɓa don gyaran rufi da yaɓe: ƙarshen rani, kafin ruwan farko ya sauka.